Ka Tsare Zuciyarka a Wurin Aiki

KARATU: 1 Sama'ila 25:2-38, Galatiyawa 5:16-26

AYAR HADDACEWA: Karin Magana 16:32

MANUFA: Ka san yadda halin zuciyarka yake taɓa lafiyarka, aikinka da shaidarka, ka kuma koyi miƙa wa Ruhu Mai Tsarki ragamarta daga Litinin zuwa Asabar.

GABATARWA

Ka lissafa sa'o'in da kake yi a majami'a cikin mako guda: sujadar Lahadi, nazarin Littafi Mai Tsarki, taron addu'a, wani lokaci da addu'ar dare. Da ƙyar su kai 10. Yanzu ka lissafa waɗanda kake yi a wurin aiki. Ma'aikacin gwamnati yana yin wajen 40 a mako. Mai shago, direba, tela da makanike suna wuce haka nesa. Ashe yawancin rayuwarka ta bangaskiya a wurin aiki take gudana, a gaban mutanen da ba su taɓa jin waƙarka a majami'a ba, amma sun san muryarka sa'ad da ranka ya ɓaci.

Duk wanda ya zauna a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Bisa ga labarin gargajiya, a zamanin Sarauniya Daurama akwai maciji a cikin rijiyar, wanda yake hana mutane ɗiban ruwa sai rana ɗaya tak a mako, wato Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Ruwa yana nan, mai kyau ne kuma, amma garin yana fama da ƙishi saboda abin da ya tare rijiyar. Karin Magana 4:23 ta kwatanta zuciya da maɓuɓɓugar da rai yake fitowa daga cikinta, ta kuma ce a tsare ta fiye da kome. Akwai mai bi da Allah ya zuba wa ruwan rai, amma fushi, kishi ko tsoro sun kwanta a bakin rijiyarsa. Ranar Lahadi kaɗai ake samun ruwa mai daɗi a wurinsa. Sauran kwana shida, abokan aikinsa lallaɓawa suke yi su wuce.

Wannan darasi ya shafe mu ƙwarai a masarautar Daura. Ƙananan hukumominta biyar, wato Daura, Baure, Zango, Mai'adua da Sandamu, suna karɓar baƙi ta dalilin aiki. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, a shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Daura ya biyo. Ga kan iyakar Kongolam, ga kasuwar Mai'adua, ga makarantu da asibitoci. 'Yan'uwa da yawa cikinmu aiki ne ya kawo su: malamai, ma'aikatan jinya, sojoji, 'yan sanda, jami'an kwastan, masu yi wa ƙasa hidima, 'yan kasuwa. A yawancin wuraren nan kai kaɗai ne Kirista, ko ku biyu. Abin da abokan aikinka za su sani game da Yesu, daga halinka za su fara karanta shi.

1. MECE CE BASIRAR SARRAFA ZUCIYA?

A 1990 waɗansu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka bayyana cewa akwai wata basira dabam da kaifin ƙwaƙwalwar da ake aunawa a jarrabawa. Ita ce iya gane abin da ke motsi a zuciyarka da zuciyar wani, da iya amfani da wannan sani wajen tunani da aiki. A 1995 Daniel Goleman ya yaɗa batun ga duniya, ya kasa shi kashi biyar: sanin kai, kamun kai, himma daga ciki, tausayi mai fahimtar halin wani, da iya zama da mutane. Bincike da dama da aka yi bayan haka sun nuna cewa ma'aikatan da suke da wannan basira sun fi jin daɗin aikinsu, kuma gajiyar zuciya ba ta cika kā da su ba.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A 1974 an buga nazarin Anthony Kirk-Greene a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki, inda ya jera halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Da wannan mudu ake auna ka a ofis da kasuwa a Daura, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ana iya yaba ƙwarewarka, amma idan aka ce “ba shi da haƙuri” ko “ba ta ganin mutuncin mutane”, an gama da kai.

Yanzu ka buɗe Galatiyawa 5:22-23 ka duba halaye tara da Ruhu yake haifarwa cikin mai bi. Za ka tarar da ƙauna, salama, haƙuri, tawali'u da kamun kai a cikinsu. Abin da masana suka gano da bincike, abin da kakanni suka gane da zaman duniya, Allah ya riga ya yi alkawarin shuka shi a cikinka. Masana suna iya nuna maka hanya. Ikon bin hanyar a ranar da aka ci mutuncinka a gaban jama'a, daga Ruhu Mai Tsarki yake zuwa.

2. ABIN DA ZUCIYA TAKE YI WA JIKI

Sa'ad da maigidanka ya daka maka tsawa, wani ɗan sashe cikin ƙwaƙwalwa da likitoci suke kira amigdala yakan ɗauka haɗari ne ya zo. Nan take jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta shiga bugawa da sauri, jini ya hau, numfashi ya gajarce, sashen ƙwaƙwalwa mai auna magana kuwa ya ja baya. Allah ya yi wannan shiri domin ka tsira idan ka yi kiciɓis da maciji a gona. Amma idan kowace rana jikinka yana cikin wannan hali saboda mutum ɗaya a ofis, barci zai ƙaurace maka, ciwon kai ya zama abokin zama, cin abinci ya rikice, hawan jini kuma ya sami ƙofa. Karin Magana 14:30 ta riga ta faɗa cewa kwanciyar rai tana rayar da jiki, kishi kuwa yana cin ƙashi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa akwai wata irin gajiya da matsin aiki na dogon lokaci yake haifarwa, ta kuma ba da alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa ganin kome banza ne, sa'an nan ingancin aikinsa ya ragu. A 2022 hukumar ta ƙiyasta cewa duniya tana asarar kwanakin aiki wajen biliyan 12 kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba.

Mu ma muna da namu nauyin. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma kowa ya san inda yake tsayawa a wata. Rufe kan iyaka a 2019, da kuma a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ya taɓa aljihun direbobi da 'yan kasuwar Mai'adua da Kongolam. Ga zafin bazara. Wanda ya fito daga gida da tunanin kuɗin makaranta da na haya, ƙaramar magana tana iya tunzura shi. Haka kake, haka kuma wanda yake zaune kusa da kai yake.

3. NABAL, DAWUDA DA ABIGIYEL

Karatunmu na yau rikicin wurin aiki ne. Nabal attajiri ne mai tumaki 3,000 da awaki 1,000. Dawuda da mutanensa sun tsare makiyayansa a jeji, ko akuya ɗaya ba ta ɓata ba. Da lokacin sausayar tumaki ya yi, Dawuda ya aiki samari goma da gaisuwa ta ladabi, yana roƙon abin da ya sauƙaƙa. Nabal ya amsa da wulaƙanci.

Dubi Nabal. Ɗaya daga cikin barorinsa ya ce ba mai iya yi masa magana (aya 17). Da haɗari ya taso, ba wanda ya je wurinsa, sai suka zaga ta wurin matarsa. Shugaban da ake tsoron faɗa wa gaskiya shi ne na ƙarshe da yake jin labarin wutar da ta kama gidansa. Ka kuma lura da ƙarshensa: da ya ji abin da ya faru, zuciyarsa ta mutu a cikinsa, bayan wajen kwana goma Ubangiji ya buge shi ya rasu.

Dubi Dawuda. Shafaffe ne na Allah, mai zabura, wanda a sura ta 24 ya sami zarafin kashe Saul amma ya kame hannunsa. Ga shi a sura ta gaba ya rataya takobi, ya ɗebi mutum 400, zai hallaka gida guda saboda baƙar magana. Shafewa ba ta hana jini tafasa. Nasarar jiya kuma ba ta isa ta tsare ka yau ba.

Dubi Abigiyel. Ta saurari bara har ya gama. Ta gane cewa mutanen Dawuda suna jin yunwa, an kuma ci mutuncinsu, sai ta tafi da abinci da girmamawa, ta magance duka biyu. Ba ta ce Nabal ya yi daidai ba. Ta tuna wa Dawuda inda Allah yake kai shi, ta nuna masa cewa ran da ya hau sarauta ba zai so jinin da ya zubar cikin fushi ya riƙa damun lamirinsa ba. Da ta koma gida ta tarar da mijinta a buge, ba ta ce masa kome ba sai da gari ya waye. Ta san abin da za ta faɗa, ta san wanda za ta faɗa wa, ta kuma san lokaci.

A wurin aikinka, cikin su ukun nan wane ne kai?

4. MATAKAI HUƊU

Na ɗaya, ka san abin da ke zuciyarka. Kafin Kayinu ya ɗaga hannu a kan ɗan'uwansa, Allah ya tambaye shi dalilin fushinsa da dalilin da fuskarsa ta canja (Farawa 4:6). Ya yi wa Yunusa irin wannan tambaya (Yunusa 4:4). Allah ya san amsa, yana so mutum ya dubi cikinsa ne. Sau da yawa abin da muke kira fushi, wani abu ne ya sa rigarsa. An ƙara wa wanda ka riga shiga aiki girma: kishi ne. An gyara maka kuskure a gaban ɗalibai: kunya ce. An ce za a yi canjin wurin aiki: tsoro ne. Saul bai taɓa kiran kishinsa da sunansa ba, sai ya mai da Dawuda abokin gaba (1 Sama'ila 18:6-9). Masu binciken ƙwaƙwalwa sun gano cewa kiran abin da kake ji da sunansa yana rage ƙarfinsa. Masu zabura sun daɗe suna yin haka a gaban Allah (Zabura 42:5). Ka faɗa wa Ubangiji a fili: “Uba, kishi nake ji,” ko “Uba, tsoro ya kama ni.” Abin da ka ɓoye wa kanka ba za ka iya kawo shi gaban gicciye ba.

Na biyu, ka riƙe ta kafin ta riƙe ka. A dā biranen Hausa da ganuwa ake tsare su, ƙofa kuma tana da mai tsaro. Karin Magana 25:28 ta kwatanta marar kamun kai da birnin da garunsa ya rushe, kowa ya ga dama ya shiga. Nehemiya ma'aikacin fada ne. Da sarki ya tambaye shi abin da yake so, ya yi addu'a a zuciyarsa kafin ya buɗe baki (Nehemiya 2:4). Da ya husata ƙwarai a kan masu zaluntar talakawa, ya fara shawara da kansa, sa'an nan ya tsawata musu (Nehemiya 5:6-7). Tsakanin abin da aka yi maka da abin da za ka yi akwai ɗan lokaci. A nan Ruhu Mai Tsarki yake magana. Ka ja numfashi a hankali sau uku ko huɗu. Ka kira sunan Yesu a zuciyarka. Idan ya yiwu ka fita ka sha ruwa, ko ka ce, “Yallaɓai, ka ba ni zuwa anjima in dawo da amsa.” Kada ka tura saƙon WhatsApp a zauren ma'aikata da zuciya mai zafi, domin magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi wuyar janyewa. Musa ya yi shekaru yana ɗauke da jama'a, amma fushin rana ɗaya a Meriba ya hana shi shiga ƙasar alkawari (Littafin Ƙidaya 20:10-12).

Na uku, ka karanta zuciyar wasu. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yusufu yana kurkuku bisa ƙarya, yana da nasa baƙin cikin, duk da haka ya lura da fuskokin ma'aikatan Fir'auna biyu, ya tambaye su abin da ke damunsu (Farawa 40:6-7). Ta wannan tambaya ce ƙofar fada ta buɗe masa daga baya. Daniyel kuma, da ya ƙudura ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba, ya gane cewa shugabansu tsoron ransa yake ji. Bai yi gardama ba, ya roƙi mai lura da su a gwada su kwana goma (Daniyel 1:8-14). Ya tsare bangaskiyarsa, ya kuma tsare wuyan wanda yake bisansa.

A ƙasar Daura wannan yana farawa daga gaisuwa. Idan daga wani yanki ka zo inda ake shiga magana kai tsaye, ka sani cewa a nan wanda ya ajiye fayil a tebur bai tambayi kwana da gajiya da iyali ba, ya riga ya ɓata rabin buƙatarsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Idan an yi wa abokin aikinka rasuwa, ka je ta'aziyya. Idan an yi masa haihuwa, ka yi masa barka. A watan azumi ka tuna cewa wanda yake gefenka bai sha ruwa ba tun asuba, ka rage masa nauyi inda za ka iya, kada kuma ka baje abincinka a gabansa. Romawa 12:15 da 18 sun umarce mu mu yi tarayya da mutane cikin murnarsu da kukansu, mu kuma yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa. Yin haka bai rage kome daga bangaskiyarka ba. Shi ne yake sa ran da aka tambaye ka dalilin begenka, a saurare ka (1 Bitrus 3:15-16).

Na huɗu, ka gyara tsakani da wuri. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ubangiji ya koya mana mu fara samun wanda ya yi mana laifi mu biyu kaɗai (Matiyu 18:15). Ka zaɓi lokacin da ba jama'a, ka faɗi abin da ya faru da yadda ya taɓa ka, ba tare da ka yanke wa halinsa hukunci ba. “Malam, jiya da ka yi maganar nan a gaban yara, na ji nauyi ƙwarai” ya fi “Kai kullum haka kake.” Sa'an nan ka yi shiru ka ji nasa. Idan kai ne da laifi, ka ce a yi haƙuri, ko da wanda ka ɓata wa ƙaramin ma'aikaci ne. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

5. HAƘURI DABAM, HAƊIYE WUTA DABAM

Akwai ɗan'uwa da ba ya taɓa ɗaga murya a ofis, kowa yana yabon haƙurinsa, amma da ya isa gida matarsa da 'ya'yansa ne suke biyan bashin. Akwai 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da take yin murmushi ga marasa lafiya tun safe, cikinta kuwa yana ƙuna, ta kwanta da dare hawaye yana zuba. Masana sun lura cewa danne abin da ke zuciya da sa fuskar aro kullum yana gajiyar da mutum, jiki kuma yana ci gaba da tafasa a ciki ko da fuska ta yi sanyi. Abin da ya fi taimako shi ne sake duban al'amarin da wani ido. Yusufu ya yi haka sa'ad da ya dubi muguntar 'yan'uwansa ya ga hannun Allah a bayanta (Farawa 50:20). Shi ɗin kuma, da zuciyarsa ta cika, ya shiga ɗaki ya yi kuka, ya wanke fuska, sa'an nan ya fito ya ci gaba da aikinsa (Farawa 43:30-31). Ka sami ɗakin kukanka: gaban Allah, da gaban amintaccen ɗan'uwa guda.

Afisawa 4:26-27 ba ta ce fushi kansa zunubi ne ba. Ta sa masa iyaka, wato faɗuwar rana, domin kada Iblis ya sami wurin zama. Yesu ya yi fushi saboda taurin zuciyar mutane (Markus 3:5), fushin kuwa ya ƙare da warkar da shanyayyen hannu.

Kamun kai kuma bai hana ka neman hakkinka ba. Da aka yi wa Bulus dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, ya nemi mahukunta su zo da kansu su fitar da shi (Ayyukan Manzanni 16:37). Idan an riƙe maka albashi, ko an tsallake ka a ƙarin girma ba dalili, ko wani yana neman ki da lalata don yana bisanki, akwai hanyar ƙorafi a rubuce, akwai ƙungiyar ma'aikata, akwai shugabannin ikilisiya da za su tsaya tare da ke. Idan an matsa maka ka sa hannu a takardar ƙarya, ka ƙi da ladabi, ka tsaya a kan ƙin. Ba kowane saɓani ne tsanani saboda bangaskiya ba, don haka ka bincika aikinka tukuna. Maƙiyan Daniyel sun tona aikinsa ba su sami aibi ba (Daniyel 6:4). Ka tabbata haka naka yake.

6. GA WANDA YAKE DA MUTANE A ƘARƘASHINSA

Idan kai shugaban makaranta ne, ko mai gareji, ko mai shago da yara, ko uwar gida mai 'yar aiki, fuskarka ce yanayin garinsu. Idan ka shigo da hadari, kowa ya shiga neman mafaka, aiki ya tsaya, kuskure kuma a ɓoye maka shi. Kolosiyawa 4:1 ta tuna maka cewa kai ma kana da Maigida a sama. Yakubu 5:4 ta ce hakkin ma'aikaci da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Ka biya a kan lokaci. Ka yaba a fili, ka gyara a keɓe. Ka tambayi yaronka lafiyar mahaifiyarsa. Ka kuma karɓi shawarar da Yetro ya ba Musa, ka raba aikin, domin wanda ya ce shi zai yi kome zai gaji, ya kuma gajiyar da jama'a (Fitowa 18:17-23).

7. SA'AD DA ƘARFI YA ƘARE

Iliya ya kira wuta daga sama a Dutsen Karmel, ba da daɗewa ba ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa (1 Sarakuna 19:4-8). Ka lura da abin da Allah ya fara yi masa. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, ya sake ciyar da shi. Bayan haka ne ya yi masa magana, ya kuma ba shi Elisha abokin aiki. Yesu ma ya janye almajiransa su huta sa'ad da hidima ta hana su ko cin abinci (Markus 6:31). Hutu ba rashin ruhaniya ba ne. Idan kana aikin dare a asibiti ko a kan iyaka, kada ka ɗora wa kanka kowane taron dare har jikinka ya faɗi. Ka yi magana da fastonka.

Idan ka yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki da ba ya ɗagawa, ba barci, ba sha'awar abinci, abin da kake so dā ya fita ranka, ko tunanin kashe kanka yana zuwa maka, ka gaya wa fasto ko dattijo yau, ka kuma ga likita. Za mu ɗora maka hannu mu yi addu'a da bangaskiya, domin Yesu yana warkarwa har yanzu, za mu kuma raka ka asibiti. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne (Kolosiyawa 4:14). A Janairu 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kāre mutuncin masu wannan lalura. Ba abin kunya ba ne. Ka riƙa auna jininka lokaci lokaci, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo.

8. CIKA DA RUHU, KAME DA RUHU

Mu masu gaskata baftismar Ruhu Mai Tsarki ne, muna kuma gode wa Allah saboda baye-bayensa. Amma Bulus ya gargaɗi ikilisiyar Koranti, wadda take da baye-baye da yawa, cewa harsuna ba tare da ƙauna ba ƙara ce kawai (1 Korintiyawa 13:1), ya kuma ce annabi yana da iko a kan ruhunsa (1 Korintiyawa 14:32). Saboda haka mai bi ba zai ce “haka Allah ya yi ni, ina da zuciya” ya tsaya nan ba. Harshen da ya yi addu'a cikin Ruhu da asuba, shi ne zai amsa wa mai gardamar farashi da azahar. Ruhun da aka ba ka na iko ne, da ƙauna, da kamun kai (2 Timoti 1:7). Itace ba ya ba da 'ya'ya rana ɗaya. Za ka yi tuntuɓe, ka tuba, ka tashi. Amma bayan wata shida ya kamata wanda yake aiki kusa da kai ya ga bambanci, ko bai san dalili ba.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. Wane abu ne ya fi saurin tunzura ka a wurin aiki? Mene ne yake ƙarƙashinsa: tsoro, kunya, kishi ko gajiya?
2. Me ya sa Dawuda ya iya kame kansa a gaban Saul, amma ya kusa faɗuwa a gaban Nabal?
3. Ta yaya za ka bambanta haƙuri na Ruhu da shirun tsoro?
4. Wa yake biyan bashin fushin da kake kwasowa daga wurin aiki?

AIKIN WANNAN MAKO

Kowane dare ka ɗauki minti biyar da Zabura 139:23-24. Ka rubuta abu ɗaya da ya motsa zuciyarka a ranar, sunan abin da ka ji, da abin da ka yi. Ka zaɓi mutum ɗaya da zama da shi yake yi maka wuya, ka riƙa yi masa addu'a da sunansa, ka kuma riga shi gaisuwa kowace safiya. Idan akwai wanda ka ɓata wa rai, ka same shi kafin Lahadi.

FURCI

Zuciyata ta Ubangiji ce. Fushi ba zai mallake ni ba, tsoro ba zai kore ni ba, kishi ba zai ci ƙashina ba. Ruhu Mai Tsarki yana mulkin harshena. Ni mai kawo salama ne a wurin aikina, cikin sunan Yesu.

BATUTUWAN ADDU'A

1. Uba, ka bincike zuciyata, ka nuna mini abin da na ɓoye wa kaina.
2. Ruhu Mai Tsarki, ka tsaya a ƙofar bakina, ka ba ni amsa mai laushi a ranar tsokana.
3. Kowane tushen ɗaci da na ɗauko daga wurin aiki, a tumɓuke shi cikin sunan Yesu.
4. Ubangiji, ka warkar da 'yan'uwa masu fama da damuwa, rashin barci da hawan jini, ka buɗe wa marasa aiki ƙofa.
5. Ka albarkaci abokan aikina da shugabannina da iyalansu. Ka ba Mai Martaba Sarkin Daura da dukan mahukunta hikima, ka ba masarautar Daura da Jihar Katsina salama da damina mai albarka (Irmiya 29:7, 1 Timoti 2:1-2).

Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.